Yara maza sun farfaɗo a lissafi ne, ko kuwa mata ne suka fi su faɗuwa?

Malam_Alƙaluma: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da sakamakon TIMSS, jarrabawar ƙasa da ƙasa ta lissafi da kimiyya, na 2023 ya fito a Disambar 2024 ake ta yaɗa cewa yara maza sun farfaɗo a lissafi. Ni alƙaluman da ke gabana ba su nuna haka ba. A jarrabawar PISA, wadda ake yi wa 'yan shekara 15, matsakaicin makin maza na ƙasashen OECD, ƙungiyar da yawancin membobinta ƙasashe masu arziki ne, ya sauka daga 492 a 2018 zuwa 477 a 2022. Na mata ya sauka daga 487 zuwa 468. Tazarar ta buɗe daga maki 5 zuwa 9, gaskiya ne, amma kowa ƙasa ya yi. To ina farfaɗowar take? Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

Uwar_Darasi: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya shige maka duhu, Malam. Mutane na haɗa tambayoyi biyu ne wuri guda. Ta farko: nawa yaro namiji yake ci yanzu idan aka kwatanta da na shekaru goma da suka wuce? Ta biyu: nawa ya fi mace ko ta fi shi? Amsar ta farko a yawancin ƙasashe masu arziki ita ce ya ragu. Ta biyu kuma tana hawa tana sauka: maki 11 a 2012, 8 a 2015, 5 a 2018, 9 a 2022. Lokacin da take tsukewa ma ba wai mata ne suka yi sama ba, maza ne suke zamewa. A 2022 sai mata suka fi zamewa. Ka ga duk biyun babu na murna.

DanBirni77: Ku yi haƙuri, mu da ba 'yan fannin ba. Maki 15 ɗin nan da yawa ne ko kaɗan? A kan ɗari ake lissafawa?

Uwar_Darasi: A'a ɗan'uwa, ba a kan ɗari ba. An tsara ma'aunin ne a 2003 yadda matsakaicin ƙasashen OECD zai zauna a 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibai su faɗo tsakanin 400 da 600. A rahoton 2022 an ƙiyasta cewa maki 20 ya yi daidai da abin da ɗan shekara 15 yake koya a shekara guda. Saboda haka maki 15 kamar an yanke zango biyu da ɗan ɗoriya ne daga shekarar karatu. Kafin 2022 matsakaicin OECD bai taɓa motsawa da fiye da maki 4 tsakanin zagaye biyu ba a lissafi.

Sarkin_Jadawali: Ni ina da ja kaɗan. Ba ko'ina ne maza suka yi ƙasa ba. Ku duba Ingila a TIMSS. A 2019 tazarar maza da mata a babban ajin da ake gwadawa maki 2 ce kacal, matsakaicin ƙasar kuma 515. A 2023 matsakaicin ya hau 525, tazarar ta koma 26. Ku yi lissafin da kanku: mata kusan suna inda suke, maza ne suka ƙara sama da maki 20. Wannan ba faɗuwar mata ba ce, hawa ne na gaske. A duniya ma, a aji takwas, maza sun wuce mata a ƙasashe 21, mata sun wuce maza a 4 kawai.

Malam_Alƙaluma: Na karɓi misalin Ingila, Sarki. Amma ita Ingilar a PISA ta sauka daga 504 zuwa 492 tsakanin 2018 da 2022. Wanne za mu kama?

Injiniya_Tsafe: Duka biyun, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Bari in warware.

TIMSS ta IEA ce, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai auna ilimin ɗalibai, tun 1995 ake yin ta duk shekara huɗu. Aji take bi, ba shekaru ba: aji huɗu da aji takwas, wato kamar JS2 a wurinmu. Ana zaɓar makaranta, sai a ɗauki aji ɗaya ko biyu gaba ɗayansu. Tambayoyin daga manhajar karatu suke. A aji takwas kashi 30 lambobi ne, 30 aljabara, 20 jometiri da awo, 20 bayanai da yiwuwar aukuwa.

PISA ta OECD ce, tun 2000. Shekaru take bi: daga 15 da wata 3 zuwa 16 da wata 2, ko wane aji yaro yake, matuƙar ya kai aji bakwai. A kowace makaranta ana zaɓo kimanin ɗalibai 42 ta hanyar ƙuri'a. Ba ruwanta da manhajarku. Za ta ba ka labari ne, misali farashin kaya ko jadawalin tafiya, ta ce ka fito da lissafin da ke ciki.

Sannan yaran ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya zauna PISA a 2022, rufe makarantu na korona ya same shi yana shekara 13 zuwa 14, daidai lokacin da ake kafa aljabara. Wanda ya zauna TIMSS a 2023, yana ƙarshen firamare abin ya same shi, kuma ya samu kusan shekara biyu a aji kafin jarrabawar. Kwatanta su kai tsaye kamar auna gero da mudun wata kasuwa ne.

Hajiya_Fannin_Awo: Injiniya ya yi daidai, amma kada a ɗora wa korona komai. Amurka a TIMSS ta aji takwas ta faɗo daga 515 a 2019 zuwa 488 a 2023, yaran da suka samu waɗannan shekaru biyun ne su ma. Kuma ku dubi Finlan: 548 a PISA ta 2006, 484 a 2022. Shekara goma sha shida tana gangarowa, korona ta tarar da ita ne a hanya. Abin da ya shafi tambayar Malam_Alƙaluma shi ne, a 2003 maza ne a gaba a Finlan. Zuwa 2015 mata sun sha gabansu, a 2022 ma mata ne a gaba da maki 5. A can dai mazan ne suka fi zubewa, kuma tun da daɗewa.

Bakatsine_Mai_Alli: Matsakaicin maki ne yake ruɗa mu. Maza sun fi mata warwatsuwa: sun fi yawa a can sama, kuma ba su da ƙaranci a can ƙasa. PISA tana raba maki zuwa matakai. A 2022, masu kaiwa mataki na 5 da na 6, wato daga maki 607 zuwa sama, kusan kashi 11 ne na maza, kashi 7 na mata. Amma waɗanda suka kasa kai mataki na 2, wato ƙasa da maki 420, kusan kashi 31 cikin ɗari ne, kuma maza da mata kusan kunnen doki suke. To maki 9 ɗin nan da ake cewa maza sun fi, galibinsa daga gwanaye 'yan ƙalilan yake zuwa. Yaron da ke bayan aji bai san da wata tazara ba.

Uwar_Darasi: Nan gizo ke saƙar. A ƙara da cewa idan aka haɗa darussa uku, karatu da lissafi da kimiyya, maza ne suka fi yawa cikin masu faɗuwa duka. A zagayen 2012 kashi 14 na maza ne suka kasa kai matakin tushe, wato na 2, a dukan ukun, mata kashi 9.

DanBirni77: Mene ne ainihin abin da mai mataki na 2 yake iyawa wanda na ƙasa da shi bai iya ba?

Bakatsine_Mai_Alli: Na ƙasa da mataki na 2 zai iya amsawa idan an jera masa komai a fili, lambobi cikakku, mataki ɗaya. Ka ce buhu ɗaya naira kaza, buhu shida nawa, zai yi. Da zarar sai ya zaɓi hanya da kansa, sai ya tsaya. Misali a ba shi mota biyu, ɗaya ta ci lita 12 a kilomita 150, ɗaya lita 9 a kilomita 100, a ce wacce ta fi shan mai. Zai ce ta farko, domin 12 ta fi 9. Bai mayar da su ma'auni ɗaya ba, balle ya ga ta farko lita 8 take sha a kilomita 100. Wuraren da suke karyewa kusan kullum uku ne: kason abu da abu, kashi cikin ɗari idan an juya tambayar (an rage kashi 20 kaya ya koma 800, nawa ne asalinsa, sai ya ƙara kashi 20 a kan 800 ya ce 960 maimakon 1000), da kuma karanta jadawali mai bayani fiye da ɗaya.

Malama_Zinder: Kada ku manta da karatun kansa. Tambayar PISA doguwa ce, sai ka karanta sakin layi kafin ka ga lamba. A 2022 mata sun fi maza da maki 24 a fahimtar karatu, kuma a kusan kowace ƙasa cikin 81 da suka shiga haka abin yake. Yaron da yake tsallake layi yana neman lambobi zai faɗi tambayar da ya iya lissafinta. Ina ganin wannan na cikin dalilan da maza suka fi haskawa a TIMSS, inda tambayoyi da yawa gajeru ne.

Sarkin_Jadawali: Malama, wannan zato ne mai kyau, amma bai bayyana sauyi ba. Tsawon tambayoyin TIMSS bai canja sosai tsakanin 2019 da 2023 ba, tazarar ce ta canja. Abin da ya canja a fili shi ne kwamfuta. PISA ta koma kwamfuta a yawancin ƙasashe a 2015. TIMSS ta fara komawa a 2019, kusan rabin ƙasashe, ta kammala a 2023.

Hajiya_Fannin_Awo: To ai idan kwamfuta ce ke ɗaga maza, da a 2015 tazarar PISA ta buɗe. Tsukewa ta yi, daga 11 zuwa 8. Kuma Ingila a kwamfuta ta yi TIMSS tun 2019. Ban ce babu tasiri ba. Na ce bai isa ya ɗauki nauyin maki 26 ba.

Sarkin_Jadawali: Na sallama wannan, Hajiya.

Ɗan_Ƙididdiga: Tunda an zo maganar maki, bari in ja kunnen masu son zazzage bayanan su yi nasu lissafin, domin kyauta suke a shafin OECD da na IEA, kuma kurakurai iri ɗaya ake maimaitawa.

Na ɗaya, babu yaron da yake da maki guda a PISA. Awa biyu ce jarrabawar, kowane ɗalibi wani yanki na tambayoyin yake gani. Saboda haka ana ba kowa makin ƙiyasi guda goma, PV1MATH zuwa PV10MATH. Kada ka haɗa goman ka raba ka ce ga makin yaro. Za ka yi lissafinka sau goma, da kowanne daban, sannan ka ɗauki matsakaicin sakamakon. Wanda ya haɗa su tun farko zai matse warwatsuwar, sai kason gwanaye da na raunana su fito ƙasa da gaskiya. Kuma mun ga a sama cewa labarin maza a gefe-gefen nan yake.

Na biyu, nauyin ɗalibi, W_FSTUWT. Ba kowane yaro ne yake wakiltar adadi ɗaya ba. Ka bar shi, matsakaicinka ba na ƙasar ba ne.

Na uku, kuskuren ma'auni, wato yadda maki zai iya kaucewa gaskiya saboda samfuri aka gwada, ba dukan yara ba. Ɗaliban makaranta ɗaya suna kama da juna, don haka hanyar da aka saba koyarwa a aji za ta ba ka kuskure ƙarami fiye da kima. PISA na bayar da nauye-nauye 80 na maimaici don wannan aikin. Manhajar IDB Analyzer tana yi maka duka.

Na huɗu, idan kana kwatanta shekara da shekara akwai kuskuren haɗa ma'auni, wato na ɗora jarrabawar shekaru biyu a kan ma'auni ɗaya, wanda tsakanin 2018 da 2022 ya ɗan haura maki 2 a lissafi. Misali: a ce maza a wata ƙasa sun ragu da maki 6, kuskuren kowace shekara 3. Sai ka ninka kowane kuskure da kansa, ka haɗa 9 da 9 da kusan 5, ka samu 23. Tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 23, kusan 4.8 ne. Ka ninka da 1.96, ka samu 9.4. Tunda 6 bai kai 9.4 ba, ba za ka iya rantsewa an ragu ba. Jaridu kuwa sai su buga kanu a kan maki 3.

Injiniya_Tsafe: Ƙarin bayani a kan na huɗu: idan tazarar maza da mata kake bi a tsawon shekaru, kuskuren haɗa ma'aunin ba ya shiga, domin yana tura jinsin biyu gefe ɗaya ne, sai ya soke kansa. Yana shiga ne idan makin maza kaɗai kake bi. Shi ya sa sau da yawa an fi samun tabbaci a kan "tazara ta buɗe" fiye da "maza sun ƙaru".

Ɗan_Ƙididdiga: Haka ne. Kuma Malam_Alƙaluma, lambobinka na farko ma akwai ɗan gyara. Matsakaicin OECD na 2018 489 ne, na 2022 kuma 472, bambancin 17. Amma rahoton ya ce 15. Dalili shi ne jerin ƙasashen ba ɗaya ba ne: Kosta Rika ta zama memba a 2021, Lukzambur ba ta shiga zagayen 2022 ba. Sai an tsayar da ƙasashe iri ɗaya a shekarun biyu kafin a cire. Bai rushe maganarka ba, ya ɗan rage mata kaifi ne.

Malam_Alƙaluma: Na gode, gyara ya karɓu.

Gwaggo_Rabi_Edu: Duk Turai kuke ta zagaye. A Gabas ta Tsakiya labarin a juye yake. A PISA ta 2022 maza sun fi a ƙasashe 40, mata sun fi a 17, sauran 24 babu bambancin kirki. Cikin 17 ɗin akwai Jodan da Falasɗinu da Hadaddiyar Daular Larabawa. A TIMSS ma Oman da Baharain mata ne a gaba. Can kuwa Italiya maza sun fi da maki 21. Idan halitta ce, me ya sa ta juya tsakanin Rum da Amman? A Jodan makarantun gwamnati a rabe suke bayan azuzuwan farko, maza malamai maza ke koyar da su, don haka tazarar jinsi a can tazarar makarantu iri biyu ce.

Kallamu_Gashua: Gwaggo, a ƙara da batun ƙoƙari. Jarrabawar nan ba ta shiga sakamakon yaro, ba ya ma ganin makinsa. Masu bincike sun gwada ba ɗalibai kuɗi a kan kowace amsa daidai a irin wannan jarrabawa: na Amurka makinsu ya tashi, na Shanghai a China bai motsa ba, domin dama suna iya ƙoƙarinsu. Wani binciken da aka yi da bayanan PISA kuma ya nuna maza sun fi mata saurin yin sanyi yayin da jarrabawa ke tsawaita. Suna farawa da ƙarfi a lissafi, zuwa ƙarshe tazarar ta ragu. Wato wani ɓangare na abin da muke kira "makin maza" juriya ce, ba ilimi ba.

Bakatsine_Mai_Alli: Juriyar zama a kan tambaya mai wuya ai ita ma cikin lissafi take, Kallamu. Ban ga yadda za a raba su ba.

DanBirni77: To waya fa? Kowa waya yake zargi.

Uwar_Darasi: A 2022 kusan kashi 30 na ɗalibai sun ce na'ura na ɗauke musu hankali a yawancin darussan lissafi. Waɗanda suke amfani da ita don nishaɗi a makaranta har zuwa awa ɗaya a rana sun fi masu awa biyar zuwa bakwai da maki 49, ko bayan an cire tasirin arzikin gida. Amma PISA hoto ne na rana ɗaya, ba ta bin yaro ɗaya shekara da shekaru. Ba za ta gaya maka ko waya ce ta lalata lissafin ba, ko kuwa wanda lissafi ya gagara ne ya koma waya.

Malama_Zinder: Mu fa ina muke a cikin wannan duka?

Hajiya_Fannin_Awo: Najeriya da Nijar ba su cikin PISA 2022 ko TIMSS 2023. Gana ta shiga TIMSS ta aji takwas sau uku: 276 a 2003, 309 a 2007, 331 a 2011, kuma maza ne a gaba. A 2023 akwai Maroko da Kwaddibuwa da Afirka ta Kudu, wadda 'yan aji tara take gwadawa, ta samu 397, mata kuma suna gaba. Ku tuna matakin ƙasa na TIMSS 400 ne. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin PASEC, jarrabawar ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, an yi a 2014 da 2019, amma ta firamare ce, ba ta samari ba. Sakamakon WAEC kuwa ba zai maye gurbi ba, domin na waɗanda suka kai SS3 suka yi rajista ne, ba samfurin dukan yaran ƙasa ba.

Injiniya_Tsafe: Ko an shiga ma, sai an yi hattara da wa aka ƙirga. PISA ba ta ganin wanda ba ya makaranta ko bai kai aji bakwai ba. Inda raunanan yara maza suke barin aji su tafi kasuwa ko gareji, matsakaicin maza zai kumbura. Inda 'yan mata ne suke fita da wuri, na mata ne zai kumbura, domin zaɓaɓɓu ne suka rage. Ƙasar da ta yi ƙoƙari ta dawo da yara aji sai makinta ya sauka, a ce ta lalace. Akwai lambar da rahoton ke bayarwa ta kason 'yan shekara 15 da samfurin ya wakilta. A fara duba ta kafin a duba maki.

Ɗan_Ƙididdiga: Har manyan ma. A 2022 an sa wa Amurka da Birtaniya da Kanada da Holan da Ostireliya da wasu alamar tauraro, saboda ba su cika ƙa'idojin samfuri ba. Ƙa'idar ita ce kashi 85 na makarantun da aka zaɓa su amsa, kashi 80 na ɗalibai su zauna, kada a cire fiye da kashi 5. Waɗanda ba su zo ranar jarrabawa ba galibi raunana ne, don haka makin yana iya fin gaskiya. To 492 ɗin Ingila ma da tauraro take.

Sarkin_Jadawali: Duk da haka ban janye ba. A Gabashin Asiya babu wannan rushewar: Singafo 575 a 2022, sama da 569 na 2018, Japan ta tashi daga 527 zuwa 536, Taiwan daga 531 zuwa 547. Cewa "maza suna faɗuwa" maganar Turai da Arewacin Amurka ce aka yi wa duniya rawani da ita. Jamus ta zubar da 25, Norwe 33, Aisilan 36. Su ne suka ja matsakaicin.

Malam_Alƙaluma: To bari in sake tambayar yadda ya kamata in yi ta tun farko. A ƙasashen da aka faɗi, wane ɓangaren maza ne ya faɗi, na sama ko na ƙasa? Akwai wanda ya raba makin maza kaɗai gida goma ya kwatanta 2012 da 2022, tunda duka biyun lissafi ne babban darasi?

Ɗan_Ƙididdiga: Ana iya yi, jinsi yana a ginshiƙin ST004D01T a fayil ɗin 2022. Sai dai ka tuna na 2012 makin ƙiyasi biyar ne ba goma ba, sunan ginshiƙin jinsi ma daban ne, kuma a takarda aka yi ta. Ka fara da Finlan da Jamus, samfurinsu ya cika ƙa'ida. Idan ka fitar ka ɗora jadawalin a nan mu gani.

Gwaggo_Rabi_Edu: Ka sa Jodan a ciki don Allah. Amma duba da kyau, ita sai 2022 ta koma kwamfuta, kada ka ɗauki sauyin takarda a matsayin faɗuwar yara.